Littattafai huɗu a kan Norman Rockwell, da gardamar da suka tayar a tsakaninmu

Littattafai huɗu ne a kan Norman Rockwell suke yawo a hannunmu a nan Kaduna, kuma har yau babu guda ɗaya da bakinmu ya zo ɗaya a kansa. Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare, ina kuma yi wa marubuta bangon littafi idan aiki ya samu. Sauran masu karatun su ne kawuna, wanda ya yi ritaya daga aikin maɗaba'a, da ƙanwata mai rubuta labaran Hausa da ake karantawa a waya, sai wani abokina mai zanen allunan shaguna da jikin manyan motoci a Tudun Wada. Uku daga cikin littattafan a wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi na same su, wajen kasuwar Sheikh Gumi. Na huɗun wani tsohon ɗalibina ne ya aiko mini daga waje.

Ga wanda bai san shi ba, an haifi Rockwell a birnin New York a 1894, ya mutu a 1978 yana da shekara 84. Tun yana ɗan saurayi ya bar sakandare ya koma makarantar koyon zane. Yana da shekara 19 aka damƙa masa kula da zane-zanen mujallar 'yan sikawut ta Amurka, a 1916 kuma, yana da 22, mujallar Saturday Evening Post ta fara ɗora zanensa a bangonta. Ya yi mata aiki har 1963, ya zana mata bango sama da 320. In da baki aka faɗa maka abin da yake zanawa, ba za ka ce wani abu ne ba: yaro a gaban likita, mai aski da abokansa suna kiɗa a ƙuryar shago bayan an tashi, soja ya dawo gida, tsegumi yana bin bakuna har ya komo kan wadda ta fara shi. Masana zane na zamaninsa sun daɗe suna yi masa kallon mai aikin kasuwa. Sai a 2001, shekara 23 bayan mutuwarsa, gidan adana zane na Guggenheim da ke New York ya baje ayyukansa.

Mafi girma a littattafan shi ne wanda Thomas Buechner, shugaban gidan tarihi na Brooklyn a lokacin, ya fitar a 1970. Sai da hannu biyu ake ɗaukarsa. Kawu ne ya fara karɓa, kuma bai kula rubutun ba sam. Bakin taga ya kai shi, ya karkata shafin wajen haske, ya kawo idonsa kusa yana bin gefen hoton.

"Zo ka gani, ɗan nan," ya ce. "Launi huɗu aka ɗora a kan juna, ja da shuɗi da rawaya da baƙi, kuma babu wanda ya goce. Dubi bakin kunnen yaron nan. Da inji ya ɗan zame, da ka ga jan layi ya leƙo ta gefe."

Ra'ayin Kawu a taƙaice shi ne, littafin mai zane hotunansa ne, sauran duk ƙari ne. In bugun ya lalace, ko wane ne ya rubuta bayanin, asarar takarda aka yi. Da na ce masa ai rubutun cikin littafin yabo ya yi masa yawa, kusan babu inda aka taɓa mutumin, sai ya ce to mene ne laifin yabo in aikin yana gabanka kana iya auna shi da idonka? Wannan maganar tasa ta zauna mini, domin ita ce ma'aunin da na koma ina ɗora sauran littattafan a kai: shin abin da marubuci ya faɗa, zan iya komawa kan zanen in gan shi?

Abokina mai zanen mota Turancinsa bai kai na karanta irin wannan littafi ba, bai kuma damu ba. Shafi ɗaya ya buɗe ya zauna a kansa har shayinsa ya huce. Zanen 1954 ne. Uba da ɗa suna zaune a jikin wata tsohuwar motar gona, suna jiran jirgin ƙasa da zai kai yaron jami'a. Yaron ya sha sabuwar kwat, ya miƙe wuya yana hangen inda jirgin zai ɓullo, ƙunshin guzurinsa a hannu, akwati a tsakanin ƙafafunsa da littattafai a kai. Uban kuwa ya duƙa, gwiwar hannu a kan cinya, yana kallon wani gefen daban. Karen gidan ya ɗora haɓarsa a gwiwar yaron.

"Malam, ka lura da hannun tsohon nan?" in ji shi. "Hula biyu ce a hannunsa. Tasa da ta ɗansa."

Ya ce ranar da mahaifinsa ya raka yayansa tashar jirgi zai tafi karatu, haka ya riƙe masa jakarsa har jirgi ya tsaya, ko kalma bai ce ba. A ganinsa duk wanda ya san ya sa hula biyu a hannun uba ya gama sanin aikinsa, ba ya bukatar wani ya zo ya yi masa sharhi.

Wannan zanen yana da wani labari da ya faranta wa Kawu rai ƙwarai. Wani tsohon maƙwabcin Rockwell, mai zanen barkwanci, ya saye shi a 1960 a kan dala 900. Daga baya ya zana kwafinsa da hannunsa ya rataye, ya ɓoye na ainihin a bayan wani bangon katako na ƙarya a cikin gidansa. Shekaru ana nuna kwafin a matsayin na gaske. Masu lura sun ga fuskar yaron da launukan ba su yi daidai da abin da mujalla ta buga ba, amma aka riƙa cewa wajen gyara ne aka ɓata shi. Sai a 2006, bayan mutuwar mutumin, 'ya'yansa suka gano bangon, aka yi gwanjon zanen a kan dala miliyan 15.4. Kawu ya ce, "Ka ji ko? Bugun mujalla ne ya tsaya shaida. Mu da ake raina aikinmu."

Littafi na biyu nasa ne na kansa, My Adventures as an Illustrator, wanda ya fito a 1960. Magana ya riƙa yi a na'urar naɗar murya, ɗansa Thomas ya mayar da ita rubutu. Wannan ƙanwata ta fi so, kuma na gane dalili, ita mai ba da labari ce, shi ma mai ba da labari ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Yana ba da labarin yadda ya tashi siriri, ba ya iya wasannin da 'yan'uwansa maza suke yi, zane kaɗai ke sa a kula shi. Yana ba da labarin yadda ya riƙa bin sawun J. C. Leyendecker, babban mai zanen bangon mujallar kafin shi, don kawai ya ga yadda yake tafiya, da yadda wannan mashahurin mutum ya mutu a 1951 aka yi jana'izarsa da mutane 'yan ƙalilan. Akwai labarin hular kwanon da ya saya a Paris da tsada yana zaton kayan yaƙin mutanen da ne, ashe ta 'yan kwana-kwana ce. Ya ajiye ta a saman katakon da yake jingina zane, har ta fito a hoton da ya zana kansa sau uku, wanda aka buga a bangon mujallar ranar 13 ga Fabrairu, 1960, lokacin da ta fara kawo littafin kashi-kashi.

"Yaya, mutumin nan ya iya zaɓen abin da zai faɗa," in ji ta. "Duk inda abin dariya yake, zai tsaya ya yi shafi biyar. Inda ciwo yake kuwa, layi biyu ya wuce."

Gaskiyarta. Aurensa na farko da ya mutu a 1930, a gurguje ya bi ta kansa. Rashin lafiyar matarsa ta biyu, Mary, uwar 'ya'yansa uku, wadda ta mutu a 1959, kusan babu shi a ciki. Ƙanwata ba ta ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Ta ce kunya ce, kuma ta san irinta, don ko a gidanmu babu namijin da zai zauna ya zayyana wa duniya ciwon matarsa. Abin da ya burge ta shi ne bai yi ƙarya game da zanensa ba. Ya faɗa ƙarara cewa rayuwa yake zanawa yadda yake so ta kasance, ya bar ƙazanta da muni a waje da gangan. Ta ce ita ma haka take yi a labaranta, masu karatu kuma sun sani, shi ya sa suke dawowa.

Inda na fi amfana da wannan littafi shi ne maganar wa'adi. Mujallar duk mako take fita, edita yana jira, maɗaba'a tana jira. Yana yawan faɗin fargabar da yake shiga in dabara ta ƙi zuwa, da yadda yake goge aikin kwanaki ya sake daga farko. Zanuka huɗun nan na 'yanci da ya yi bisa jawabin Shugaba Roosevelt na Janairun 1941, wato 'yancin magana, da na addini, da kuɓuta daga yunwa, da kuɓuta daga tsoro, wata bakwai suka ci masa. Ya rasa ta inda zai kama su, sai da ya tuna wani taron gari a Arlington ta jihar Vermont, inda wani maƙwabcinsa ya miƙe ya faɗi abin da kowa bai yarda da shi ba, aka kuma bar shi ya gama maganarsa. Shi ke nan ya samu zanen farko. An buga su a 1943, aka zagaya da su birane 16, aka sayar da takardun lamunin yaƙi, wato na rancen da gwamnatin Amurka ke karɓa daga jama'a don Yaƙin Duniya na Biyu, na sama da dala miliyan 130. A wannan shekarar ce kuma gobara ta cinye ɗakin zanensa da kayan aikin da ya daɗe yana tarawa. Duk ɗalibin da ya zo mini yana cewa sai ilhama ta sauko zai yi aikin gida, wannan babin nake karanta masa.

Littafi na uku ne ya fi tayar da ƙura. Ron Schick ya fitar da shi a 2009, kuma abin da ya yi shi ne ya jera hotunan kyamara da Rockwell ya yi aiki da su, kowanne kusa da zanen da ya fito daga cikinsa. Tun daga tsakiyar shekarun 1930 ya koma ɗaukar hoton mutanen da zai zana maimakon ya tsayar da su awanni. Yana kuma da wata majigi da yake haska hoton a kan takarda ya bi layinsa da gawayi. Shi kansa ya ce yana jin kunyar na'urar, har ɓoye ta yake yi in baƙi sun zo.

Ƙanwata ta rufe littafin ranta a ɓace. Ta ce ita ta ɗauka daga kansa yake fito da fuskokin nan, ashe bin layi yake yi. Na zaci abokina mai zanen mota, da yake komai nasa da hannu ne, shi zai fi kowa jin haushi. Sai ga shi shi ne lauyan Rockwell.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ya ce mata. "In mai mota ya kawo mini hoton zaki ko na doki, layuka nake ja a kai in raba shi gida-gida, in ja irinsu manya a jikin bodi, in bi gida ɗaya bayan ɗaya. Ubangidana haka ya koya mini. Ba a nan aikin yake ba. Na ba ki majigin da hoton, ki fitar mini da tsohon nan mai hula biyu."

Ni a nan nake, tare da shi, kuma littafin ne ya ba ni hujja. Rockwell ba shi yake danna kyamarar ba, yana da masu ɗaukar masa hoto. Nasa shi ne ya tsara komai kafin a danna. Da ɗan ƙaramin zanen fensir yake farawa, wanda ya riga ya ƙunshi labarin. Sannan ya shiga gari neman fuskar da ta dace, mafi yawa maƙwabtansa ne, ya nemo tsohuwar riga da ta ji jiki don sabuwa ba ta yi masa, ya nemo kujerar da ta dace da karen da ya dace. Akwai hotunan da za ka gan shi tsaye a gaban yaro ya zare ido ya wangale baki, yana nuna masa yadda yake so ya yi. In yana son mutum ya fito kamar yana tafiya, sai a sa masa littattafai a ƙarƙashin dunduniya da yatsun ƙafa. Zane ɗaya yakan ci hotuna masu yawa, hannu daga wannan, kai daga wancan. Bayan haka ya yi cikakken zanen gawayi daidai girman aikin, ya gwada launi a ƙarami, kafin ya taɓa fentin mai.

Dubi zanen 1958 na yaron da ya gudu daga gida. Yana zaune a kan doguwar kujerar kantin abinci, ƙunshin kayansa ɗaure a sanda a ƙasa, wani ƙaton ɗan sanda kusa da shi ya sunkuyo yana yi masa magana. An fara ɗaukar hoton a wani tsaftataccen gidan abinci na zamani. Rockwell ya duba ya ga bai yi ba, wurin ya yi kama da cikin gari, kamar yaron bai yi nisa ba. Sai ya sauya bayan gaba ɗaya ya mayar da shi ƙaramin kanti na bakin hanya, ya canja mai sayar da abincin ya sa wani da ya fi shekaru, da sigari a baki. Ya ƙara wa ɗan sandan faɗin kafaɗa don yaron ya ƙara ƙanƙanta. Kyamara ba ta san wannan ba. Aikinsa da hoto kamar na tela ne da yadi: a kasuwa aka saya, amma yanka da ɗinki nasa ne.

Abin ya shafe ni kai tsaye, don kullum ina fama da ɗalibai masu buɗe waya su kwafi hoton da wani ya ɗauka, su kawo mini suna jiran maki. Da ina hana su duba hoto kwata-kwata, yanzu sharaɗi nake sa musu: kai za ka tsara, kai za ka zaɓi wanda zai tsaya maka, kai za ka ce ga inda haske zai fito, sannan ka faɗa mini abu uku da ka canja tsakanin hoton da zanenka da dalilin canjin. Wata yarinya a aji biyar ta sa ƙaninta ya tsuguna a gaban mai ƙosai, ta ɗauka, ta zo ta cire babur ɗin da ke bayansu ta matso da kaskon kusa. Da na tambaye ta dalili, ta ce babur ɗin yana janye ido daga hannun yaron da ke miƙa kuɗi. Wannan amsar ita nake nema.

Na huɗu shi ne American Mirror na Deborah Solomon, wanda ya fito a 2013. Cikakken tarihin rayuwa ne, kuma ta yi bincike, ba a hana ta wannan. A nan ne na san cewa komawar iyalin garin Stockbridge ta jihar Massachusetts a 1953 saboda jinyar Mary ce, wadda ta yi fama da ciwon damuwa da shan giya, a wata cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ke garin. A nan na san shi ma Rockwell ya yi shekaru yana ganin Erik Erikson, sanannen masanin halayyar ɗan'adam, kuma yawan aikin talla da ya riƙa karɓa yana da alaƙa da kuɗin jinya. Mutumin da ya cika Amurka da hotunan iyali suna dariya a kan teburin abinci, shi kansa kwana bakwai na mako a ɗakin zane yake yinsu.

Kawu ko kusa bai yarda da wannan littafi ba. Ya ce mutum ya mutu, matarsa ta mutu, a tono ciwonsu a baza a kasuwa don me? Mu an hore mu da ambaton alherin mamaci. Ƙanwata ta ce a'a Kawu, sanin wannan ne ya sa ta koma kan zanukan da wani ido, ta daina ganinsu kamar na mutumin da bai san wahala ba. A wannan gaɓar ina bayanta. Jinyar ta faru, akwai takardu da wasiƙu, ita ce ta sauya masa gari, garin kuma ya sauya fuskokin da ke cikin zanensa. Abin da ya taɓa aikin, kuma akwai shaidarsa, yana da gurbi a littafi, in an faɗe shi da mutunci.

Amma akwai inda na koma bayan Kawu, har na fi shi zafi. Marubuciyar ta ɗauki yawan zanen yara maza da abotarsa da maza ta riƙa gina hasashe a kai game da abin da ke ɓoye a zuciyarsa ta fuskar sha'awa, alhali ita da kanta ta ce babu shaidar ya aikata wani abu. Iyalansa sun fito sun yi tir da littafin, suka ce sun ƙirga kurakurai masu yawa a ciki. Ni ba sai na jira iyalansa ba. Mutumin da ya fara aiki a mujallar 'yan sikawut, ya yi shekara hamsin yana zana musu kalanda, me zai zana in ba yara maza ba? Na ɗauki shafukan da ta yi irin wannan fassara na koma kan zanukan ɗaya bayan ɗaya a babban littafin Kawu, ban ga abin da ta ce ta gani ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a kan wanda ba ya nan ya kare kansa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda wannan hasashe ya rufe kyawawan babukan littafin, har mutane suka san shi da shi kaɗai.

Ɗaya daga cikin waɗannan kyawawan babuka shi ne na shekarunsa na ƙarshe, kuma a nan ne littafinsa na kansa ba zai taimake ka ba, don ya fito kafin lokacin. Tsohuwar mujallarsa tana da ƙa'idar cewa ba a nuna baƙar fata sai a matsayin mai hidima. Rockwell ya faɗa da bakinsa cewa an taɓa sa shi ya goge wani baƙar fata daga cikin zanen taron jama'a. Ya bi wannan ƙa'ida shekaru da yawa, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Da ya bar su ya koma mujallar Look, abin da ya fara fitarwa a Janairun 1964, yana dab da shekara 70, shi ne zanen Ruby Bridges, yarinya 'yar shekara 6 da jami'an tsaron tarayya suka raka makarantar firamare ta fararen fata a New Orleans a Nuwamban 1960. Tana sanye da farar riga, littafi da rula a hannu. Jami'ai huɗu, biyu gaba biyu baya, ya yanke kawunansu daga zanen, fuskarta kaɗai ake gani. A bangon bayanta an rubuta zagi, ga tumatir da aka jefa ya fashe yana gangarowa. Masu jifar ba sa cikin hoton, domin inda suke tsaye nan mai kallo yake tsaye. A 2011 an rataye zanen a fadar White House zamanin Obama, ita Ruby ɗin ta je ta gan shi.

Nan ne kaɗai mu huɗun muka yi shiru tare. Daga baya abokina ya ce abin da ya kama shi shi ne tazarar da ke tsakanin yarinyar da jami'an, babu wanda ya riƙe mata hannu. Kawu kuma ya tsaya a kan na 1965, na kisan matasa uku masu fafutukar 'yancin baƙar fata a Mississippi. Mujallar ta ajiye kammalallen zanen ta buga gwajin farko da ya yi cikin sauri, Rockwell kuma daga baya ya yarda cewa gwajin ya fi zafi. Kawu ya ce ya sha ganin haka a maɗaba'a, a yi ta gyaran abu har a kashe shi.

Duk lokacin da muka gama irin wannan hira, sai maganar ta gangaro gida. Littattafan Hausa da muka karanta a firamare, waɗanda aka buga a Zariya, cike suke da zane, wasu har yau ina iya rufe ido in gansu. Tambayi mutum goma wa ya zana su, da wuya ka samu mai amsa. Ƙungiyar ɗalibai masu zane da aka kafa a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, an yi rubutu a kansu da Turanci, sun kuma cancanta. Amma waɗanda suka zana bangon littattafan soyayya na Kano da hannu kafin a koma ɗora hoton kyamara, da masu zanen barkwanci a jaridun da aka buga a garin nan, da irin su abokina da aikinsu ke yawo a jikin motoci daga Kaduna zuwa Legas, su wa ya zauna da su ya tambaye su yadda suke aiki? An iya yin littafin hotunan Rockwell ne saboda ya adana dubban hotunan, ya kuma danƙa ayyukansa amana tun yana raye, yau ga gidan tarihi da sunansa a Stockbridge. Abokina ya ce takardun gwajinsa na shekaru, wasu gara ta ci, wasu an kunna wuta da su. Na roƙe shi ya daina zubarwa, na kai masa babban fayil, na ce kowace mota ya gama ya ɗauke ta a waya ya rubuta shekara da sunan garin mai ita. Kawu ma ya yarda in riƙa naɗar hirarsa a kan masu zanen da ya yi aiki da su, da sharaɗin ba zai faɗi aibin kowa ba. Na ce na yarda, in dai zai faɗa mini yadda suke riƙe alƙalami da abin da edita yake sa su gogewa.

Wanda yake son farawa, shawarata ya fara da littafin hotuna kowane iri ya samu, ya daɗe a kansa kafin ya karanta ra'ayin kowa. In mai koyon zane ne, na Schick ya biyo baya. Tarihin 2013 kuma a karanta shi da littafin hotunan a buɗe a gefe. In a bakin titi za ka saya, ka buɗe tsakiya ka bi lambobin shafi, domin masu shaguna da ɗalibai sukan yanke shafuka masu launi su manna a bango, mai sayarwa kuma ba lallai ya sani ba. Ka shinshina shi ma, wanda damina ta taɓa shafukansa mannewa suke yi, in ka ja su launin ya biyo.